Fijo, Toyota da ƴan China: wa ke naɗa sarkin mota a Damagaram?

Musu uku ne ba sa ƙarewa a fadojin shayi na Zinder: na kokawa, na siyasa da na mota. Na kokawa yakan lafa da zarar an miƙa wa zakara takobi. Na siyasa, kowa ya san inda zai ja birki. Na mota kuwa ba ruwansa da rani ko damina, kuma yawancin masu ɗaga murya a cikinsa ko babur ɗin kansu ba su da shi. Daga Birni zuwa Zango, daga Sabon Gari zuwa Garin Malam, za ka tarar da saurayin da bai taɓa riƙe sitiyari ba yana zayyano maka ƙarfin injin Marsandi da na BMW, don ya gani a TikTok. Gefensa ga tsohon direba da ya sha ƙurar hanyar arewa shekara da shekaru, yana kurɓar shayinsa bai ce uffan ba. Sai yara sun gaji da surutu sannan ya jefa tasa: "To, ɗana, in ta mutu maka tsakanin Tanut da Aderbissinat, wa zai tayar da ita?"

Da wannan tambaya ake auna mota a ƙasar nan, kuma duk kamfanin da ya yi sarauta a titunan Damagaram amsarta ce ta ɗora shi, rashin amsarta kuma ta sauke shi.

Dalili a fili yake ga wanda ya san shimfiɗar ƙasar. Daga Zinder zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, ta Tasawa da Maraɗi da Ƙonni da Doso. Agadas tana wajen kilomita 450 a arewa. Kano ce kusa, kimanin 240. Wannan lissafin kwalta ke nan. Da ka sauka daga kwalta za ka nufi kasuwannin ƙauye na Magariya da Dungas, ko ka yi gabas ta Gure ka nausa Tesker, sai rairayi da burji da kwazazzabai. A watan Afrilu zafin rana kan haura digiri 40, a hunturu kuma ƙura kan shiga ko'ina, har cikin tankin mai. Motar da aka ƙera don titin Jamus, inda gareji ke kowace unguwa, in ta zo nan wata jarrabawa take zaunawa wadda ba a karantar da ita ba. Mutumin karkara raƙumi yake nema, ba dokin hawan salla ba.

Kamfanonin Turai sun daɗe da gane cewa wanda ya ci jarrabawar ƙasar nan ya samu abin talla. A ƙarshen 1924, lokacin Zinder ce babban birnin mulkin mallaka na Nijar kafin a mayar da shi Yamai a 1926, ayarin motoci takwas na kamfanin Citroën ya shigo garin. Sun taso daga Colomb-Béchar ta Aljeriya a watan Oktoba, ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, a motoci masu taya a gaba da sarƙa a baya, suka ratsa Sahara suka nufi tafkin Chadi. Mai zanen da ke cikin tafiyar, Alexandre Iacovleff, har hoton Sarkin Damagaram na lokacin, Barma Mustafa, ya zana. André Citroën so yake duniya ta ce motarsa ta bi inda ayarin fatake ke bi. Berliet ma ta yi irin haka a 1959 da 1960, ta tura manyan motocinta cikin Tenere. Amma talla daban, kasuwa daban. Citroën ta samu sunan, wata ƴar'uwarta ce ta samu tasha.

Zamanin Fijo

Duk wanda ya haura shekara hamsin a Zinder, in ka ce masa mota, Fijo ce ke faɗo masa a rai. 404 ta fara, musamman a-kori-kura mai rumfar tamfal, sannan 504 ta zo ta shafe kowa. A 1968 ta fito, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka. Cikin wannan shekara ce masana'antar Peugeot, wato Fijo, ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, kuma wannan shi ne abin da ya fi kowace lambar yabo amfani ga mutanen Damagaram. Kayan gyara suka cika Kano. Injinka ya buga da safe, yaron gareji ya bi ta Matamai da Ɗan Barto ya tsallaka Kwangwalam, ko ta Magariya ya faɗa Babban Mutum, kafin jibi ya dawo da abin da ake nema.

Me ya sa direbobi suka so ta haka? Tana da tsayi daga ƙasa, tayoyin baya ne ke tura ta, kuma tana haɗiye rami ba tare da ta karya wa fasinja ƙugu ba. Doguwar, mai layin kujeru uku, ita ce ta riƙe tashoshi: mutum takwas ko tara, buhuna a sama, wani lokaci har da akuya. Injinta kuma ba ya ɓoye komai. Kafireto ne, da fulogi, da lagireto, da bel. Makanike mai kunne yakan gane ciwonta tun motar ba ta gama tsayawa ba.

An daina ƙera ƙaramar 504 a Faransa a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Masoya Fijo na cewa ba a kayar da ita a fage ba, kamfanin ne ya juya wa Afirka baya. Akwai gaskiya a ciki. 406 ta samu karɓuwa, har yau tana da masu rantsuwa da ita saboda laushin tafiya. Amma daga 307 zuwa sama wayoyi suka yi yawa, kwamfuta ta shiga tsakanin makanike da inji, aka wayi gari mota na iya ƙin tashi don wata ƴar na'ura da ba ta kai ɗan yatsa ba ta sha ƙura. Ga kuma abin da ya faru a Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi. Sabuwar mota daga Faransa ta ninka kuɗi dare ɗaya. Ma'aikaci da ɗan kasuwa suka juya ga ƴan gwanjo da jiragen ruwa ke saukewa a Kwatano da Lome, kuma a cikin wannan tarin tsofaffin motoci ne aka tantance wadda ke da sauran numfashi.

Yadda Toyota ta hau gado

Ba da daɗin baki ta hau ba. A 1987, a arewacin Chadi, sojojin Hissène Habré cikin ɗaruruwan a-kori-kura na Toyota suka tarwatsa tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum, har aka laƙaba wa yaƙin sunan kamfanin. Labarin bai yi wa Damagaram nisa ba. Daga baya jandarma da duwan da ƙungiyoyin agaji da asibitocin karkara duk suka koma kan Land Cruiser da Hilux. Da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, samarin yankin da suka kwarara can a bayan waɗannan motoci suka tafi.

Wanda ya ga yadda ake loda Hilux mai shiga Sahara ba ya bukatar a yi masa wa'azi. Ana jera jarkokin ruwa da na mai, a ɗora jakunkuna, a cusa sanduna a tsaye cikin kayan. Fasinja sama da ashirin su zauna a gefe-gefe, ƙafafu na reto a waje, kowa ya rungume sandarsa, fuska a naɗe da rawani. In an kai rairayi mai laushi direba ya sauko ya rage iskar taya don ta baje, in ta kafe a sa mata faranti na ƙarfe a ƙasa a tura. Motar da kamfani ya rubuta mata kaya wajen tan ɗaya tana ɗauke da kusan ninkinsa, kuma ta kai. Wannan ne ya sa a Agadas, bayan dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, abin da aka fi ƙwacewa daga hannun direbobi shi ne Hilux. An soke dokar a Nuwamban 2023.

Tsofaffin makanikai suna da injin da suke girmamawa fiye da kowane, wato 1HZ na Land Cruiser: silinda shida, lita 4.2, mai shan gazuwal, ba turbo, ba kwamfuta. Tun 1990 ake yin sa. Ba shi da gudu, duk wanda ya bi shi a hawa ya sani. Sai dai yana haƙuri da man da ba shi da tsabta, kuma famfon mansa na ƙarfe ne da ake kwancewa a wanke a mayar. Direbobin da ke son tsere wa ƙura, ko tsere wa wani abin daban, su sun fi son mai shan fetur, mai silinda shida da lita 4. A tasha kuwa Hiace ce ta gaji doguwar Fijo. A cikin gari Corolla ce, sai tsofaffin Starlet da Carina da suka ƙi mutuwa. Manyan alhazai da manyan gwamnati nasu V8 ne, ko da yake tun 2021 sabuwar Land Cruiser 300 ta sauko zuwa silinda shida.

Wani abin da ba kowa ya lura da shi ba: CFAO, tsohon kamfanin Faransa da aka kafa a 1887, wanda ya yi cinikin gyaɗa da atamfa a Afirka ta Yamma zamanin Turawa, shi ne dillalin Toyota a Nijar. Tun 2012 kuma kamfanin kasuwanci na rukunin Toyota ya saye shi.

Amma a nan nake rabuwa da masu cewa "Toyota ba ta lalacewa". Tana lalacewa sarai. Leƙa kowane gareji a bakin hanyar Tanut ko ta Mirriya, Toyota ce ta fi yawa a ƙarƙashin bishiya, buɗe da baki. Bambancin shi ne ba ta kwana biyu a wurin. Ka tsaya ka kalli aikin: maigida na zaune kan tsohuwar taya, yaro ɗaya ya shige ƙarƙashi a kan kwali, wani ya ciro matatar iska yana buga ta a jikin dutse ƙura na tashi. Maigidan ya ce a tayar. Ya kara sukudireba a jikin inji, ya ɗora kunne a kan marikin, ya yi shiru. "Kashe. Ba inji ba ne, famfon ruwa ne. Je ka wajen Alhaji ka ce na Beljiyam nake so, kada ya ba ka sabo." Kafin la'asar mota ta koma hanya. Ingancin da ake yabo rabinsa a Japan aka ƙera shi, rabinsa kuwa yana hannun wannan mutum da shagon kayan gyaran da ke bayansa.

Ka lura da abin da ya ce: na Beljiyam, ba sabo ba. Tsohon ƙarfen da aka ciro daga motar da ta mutu a Turai ya fi masa sabon da ke cikin kwali mai ƙyalli, domin jabu ya cika kasuwa. Akwai birki na jabu, matatar mai ta jabu, har baƙin mai na jabu cikin galan mai tambarin babban kamfani. Mutum zai zuba wannan a injinsa, ya yi wata shida bai juye ba, ranar da inji ya buga kuma ya zagi kamfanin da ya ƙera motar.

Maganar ba ta tsaya ga asarar kuɗi ba. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace, ƙishirwa ta gama da su. Mafi yawansu mata ne da yara, kuma da dama daga ƙasar Kance suka fito, nan kudu da Zinder. Mutanen yankin nan ba daga mujalla suka koyi ma'anar mota ta mutu a hanya ba.

Marsandi, Honda da sauran masu neman kujera

Masoyin Marsandi ba ya karɓar duk wannan. Shi a wurinsa Corolla abin hawa ce kawai, Marsandi ce mota. Ka rufe ƙofarta ka ji nauyi, ka hau kwaltar Takeita ka ji kamar ba ka taɓa ƙasa. Kuma tsofaffin, irin 190 da 200 na shekarun 1980, sun cancanci yabon, don har yau wasu na aiki. Manyan motocin kamfanin masu gajeren hanci ma sun yi wa fatake bauta shekaru da dama, daga buhunan wake zuwa shanun da ake kaiwa kudu. Matsalar sababbin ce. Za ka ga Marsandi mai kyan gani an yi mata kuɗi ƙasa da Corolla sa'arta, saurayi ya ɗauka tsuntsu ne daga sama gasasshe. Wata uku sai fitila ta kama a gaban direba, a nemi mai kwamfuta, a ce kayan sai Kano, a Kano a ce sai Legas ko Dubai. Wanda ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

Honda ta samari ce, kuma daga Kano son ta ya tsallako, tare da sunayen da aka raɗa mata irin su Hala da Henesi da Anakonda. Tana da saurin tashi, tana da kyau, injinta na da ƙarko. Ƙorafin da aka fi yi a kanta ƙafa ce: gabanta ba ya son rami, kuma ƙasa-ƙasa take. A kwaltar cikin gari ba laifi. Mitsubishi Pajero, wadda ta lashe tseren Dakar sau 12, tana da suna a Tenere amma ba ta da shaguna a kasuwa, kuma Nissan Patrol ma haka take fama. Land Rover da ta yi zamani da Turawa da ƴan yawon buɗe ido ta zama abin tarihi.

Mai da iyaka

Tun 28 ga Nuwamban 2011 Damagaram ke da matatar manta, SORAZ, kimanin kilomita 50 arewa da gari a kan hanyar Tanut. Ganga 20,000 take iya tacewa a rana daga ɗanyen man Agadem, kashi 60 na kamfanin CNPC na China, kashi 40 na Nijar. Duk da haka shekaru da yawa motocin Zinder man ƴan ruwa-ruwa suka sha, wanda ake shigowa da shi daga Nijeriya a jarka a sayar a kwalba a bakin titi, don ya fi araha. Tsohon inji bai damu ba. Sabon inji mai ƙananan nozul kuwa ƙura kaɗan ko ɗigon ruwa ya ishe shi. Da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023 lissafin ya juye, jama'a suka koma gidan mai. A Yulin 2024 gwamnati ta sauke litar fetur daga sefa 540 zuwa 499, a Maris ɗin 2025 kuma aka ga dogayen layuka a gidajen mai na ƙasar. Tun daga nan tambayar "lita nawa take sha zuwa Maraɗi?" ta shiga gaban tambayar gudu, kuma mai V8 da ba gwamnati ke zuba masa mai ba ya fara barin ta a gida.

Iyaka ma ta taɓa farashi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe gadar Gaya da Malanbil, hanyar da ƴan Kwatano ke bi. Kaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso cikin rakiyar soja, tafiyar ta ƙara tsawo da tsada. Wanda ke da Toyota mai lafiya a hannu sai ya ga dukiyarsa ta ƙi faɗuwa. Dama can haka ɗan kasuwar Kasuwar Dole ke kallonta: ajiya ce da za a iya mayarwa kuɗi cikin mako guda in bukata ta taso. Dillalai na da kalmarsu, su ce mota "tana da kasuwa" ko "ba ta da kasuwa", kuma wannan hukunci ya fi duk abin da injiniya zai faɗa nauyi.

Sai dai gwanjo gwanjo ne. Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma, kashi 40 cikin 100. A ciki akwai masu lafiya, akwai waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye aka yi musu kwalliya, akwai waɗanda aka mayar da agogon kilomitarsu baya. Tambarin Toyota a goshi ba ya warkar da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Masu jiran gado

Ƴan fada na raina motar China, suna ce mata gwangwani. Dattawa na tuna cewa haka aka ce wa motar Japan lokacin da Fijo ke kan mulki. Ni dai ina ganin China ta riga ta shigo ta ƙofar baya. Baburan da ƴan kabu-kabu ke hawa, in ba na Indiya ba ne irin Bajaj da TVS, to na China ne irin Haojue da Kasea. Manyan motocin Howo sun cika wuraren aikin hanya da na mai. Doguwar bas da za ta kai ka Yamai cikin yini guda sau da yawa Yutong ce. Ko Landtrek, a-kori-kurar da Peugeot ta dawo da ita, wadda ake harhaɗawa a sabuwar masana'antar Dangote da Peugeot a Kaduna, tare da kamfanin Changan na China aka tsara ta. Abin da ya rage wa ƙananan motocinsu shi ne shago da makanike, kuma sun nuna a kan babur cewa sun iya cika kasuwa da kayan gyara masu araha.

Toyota kanta ba ta tsira ba. Sababbin Hilux da Corolla cike suke da kwamfuta kamar kowa, kuma nan da ƴan shekaru su ne za su zama gwanjon da zai iso mana, tare da masu haɗa fetur da batir. Kunnen maigidan gareji ba zai ji ciwonsu ba. Yaran da ke ƙarƙashin mota a kan kwali yau, su ya kamata cibiyoyin koyon sana'a na jihar da ƙungiyoyin makanikai su koya wa karanta na'urar binciken inji da aikin wayoyi, tun kafin a wayi gari kowane ƙaramin gyara sai an ja mota zuwa Kano.

Kai kuma mai shirin saye, in hanyarka kwalta ce da cikin gari, Corolla mai lafiya ta ishe ka. In kana shiga daji, Hilux ko Land Cruiser, ko da ta girmi wadda ranka ke so. In kuwa Marsandi ce ta kwanta maka a rai, saye ta, amma ka ware kuɗin jinyarta tun ranar. Kowacce ka zaɓa, kada ka je wurin dillali kai kaɗai: ɗauki makanikenka, ka biya shi ladan yininsa, ya shiga ƙarƙashinta ya duba kafin ka ƙirga ko dala.